Yadda Tankin Ajiya Ke Rage Kuɗin Wuta da Dizal a Aikin Rabon Ruwa

Duk wanda ya taɓa riƙe asusun rijiyar burtsatse, ta unguwa ce ko ta makarantar kwana ko ta asibiti, ya san inda kuɗi ke zurarewa. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ba a sayensa. Abin da ake biya shi ne ɗago shi da tura shi, wato kuɗin wuta da man inji. Kuma tsadar ba a yawan ruwan kaɗai take ba, tana ga lokacin da aka tilasta maka kunna famfo. In babu wurin ajiya, dole ka tayar da inji a daidai lokacin da mutane suka yi layi da jarkoki, ko da wutar NEPA ko babu. In kuwa akwai tanki mai girman da ya dace, kai ke zaɓar lokacin ɗibar ruwa, su kuma jama'a su sha a lokacin da suka so. Aikin tanki ke nan, irin aikin rumbu: a zuba da kaka lokacin da hatsi ke araha, a ci da bazara.

A wasu ƙasashe, kamar Afirka ta Kudu da Ingila, manyan masu amfani da lantarki suna biyan farashi daban-daban gwargwadon sa'a, wutar dare ta fi ta yamma araha, don haka hukumomin ruwa kan cika tankunansu da tsakar dare. A Najeriya mitar yawancinmu ba ta duba agogo. Namu bambancin ya ma fi nasu girma, sai dai tsakanin inda wutar ta fito yake: hasken rana, wutar kamfani, da janareta. Wannan jagora a kan haka aka gina ta.

Mataki na farko: san ruwan da ake sha, da sa'ar da ake shansa

Kada ka fara da zuwa kasuwa tambayar kuɗin tanki. Fara da littafi da biro.

Abu biyu kake nema: lita nawa ke fita a yini, da kuma yadda suke rarrabuwa daga asuba zuwa dare. In kana da mitar ruwa a bakin bututun da ke fita, sa mutum ya riƙa karanta ta kowace awa daga kiran sallar farko har a rufe famfo, na tsawon mako guda, har da Juma'a da ranar kasuwa. In babu mita, tsohon tankin da kake da shi zai yi aikin: cika shi, kashe sumo (famfon da ke nutse a cikin rijiya), ka riƙa auna yadda ruwan ke sauka da sanda mai alama. Tanki mai faɗin mita 3 daga gefe zuwa gefe, duk santimita ɗaya da ruwa ya sauka, kimanin lita 70 ce ta fita.

In aikin sabo ne kuma babu abin aunawa, manufar ruwa ta ƙasa ta shekarar 2000 ta ba da ma'aunin da za a fara da shi: lita 30 ga kowane mutum a karkara, 60 a ƙananan garuruwa, 120 a birane. Amma ka tuna da abin da takarda ba ta ƙirga ba. Akwai alwala a masallacin da ke kusa, akwai dabbobi, akwai masu buga bulo, akwai 'yan garuwa da za su taho daga wata unguwa da zarar sun ji labarin ruwa ya samu.

Don lissafin da ke tafe, bari mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe shi har ƙarshe. A ce unguwa ce mai mutum 1,000, kowa na shan lita 40, jimla lita 40,000 a yini. A ce kuma aunawa ta nuna daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 9 na safe ana ɗibar lita 14,000, daga 9 zuwa 4 na yamma 10,000, daga 4 zuwa 9 na dare 12,000, sauran dare kuma 4,000. Taka unguwar za ta bambanta, amma tudu biyun nan, na safe da na bayan la'asar, kusan ko'ina za ka same su.

Mataki na biyu: jera wutar da kake da ita, daga mai araha zuwa mai tsada

Tun 2020 aka kasa masu amfani da lantarki a Najeriya rukuni-rukuni bisa yawan sa'o'in da aka yi musu alkawari: rukunin A aƙalla awa 20, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 a kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta shi ya tsaya a ɗari biyu da 'yan kai. Mutane sun yi kuka, kuma da gaskiyarsu. Duk da haka, ko wannan farashin bai kai na janareta ba. Injin dizal mai lafiya, wanda aka ɗora wa kaya daidai ƙarfinsa, yana shan kusan sulusin lita kafin ya ba da yunit ɗaya. Da dizal ya haura naira dubu a lita, yunit ɗin janareta ya wuce naira 300 tun kafin a sa kuɗin baƙin mai da tacewa da makaniki.

Wannan kuma inji ne da ake amfani da shi yadda ya kamata. Abin da aka fi gani shi ne babban janareta mai kVA 20 yana ta ruri don ya juya sumo mai ƙarfin doki biyu. Irin wannan injin zai sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a awa ko da kayan da ke kansa ba su taka kara sun karya ba, ga kuma illar da gudu babu kaya ke yi wa injin dizal: man ba ya ƙonewa sosai, yana taruwa a salansa da baƙin kwalta.

Sai ka zauna ka rubuta, na tsawon mako biyu, sa'o'in da ake kawo wuta a layinku da sa'o'in da take da ƙarfi. A wurare da yawa wutar tsakar dare ta fi zama kuma ta fi ƙarfi, saboda masu walda da injinan niƙa sun kwanta. Wutar da ba ta da ƙarfi tana ƙona sumo, don haka kada ka ƙirga ta a cikin wadda za ka dogara da ita.

Hasken rana shi ne a saman jerin. Bayan kuɗin sayen fanel da inbata, kowace lita da ya ɗago kusan kyauta ce. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna samun abin da ya kai awa biyar da rabi zuwa shida na cikakkiyar rana a matsakaicin yini. Matsalarsa ɗaya ce: yana zuwa ne a lokacin da ba a fi buƙatar ruwa ba. Masu sayar da kayan sola za su ce ka sa batir. Ni shawarata a aikin ruwa, kuɗin batir a kai su ga tanki. Batir yana mutuwa bayan 'yan shekaru, zafinmu yana gaggauta mutuwarsa, ɓarayi kuma sun san darajarsa. Tankin da aka kula da shi yana daɗewa fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma ruwan da ya riga ya hau ba ya buƙatar wani inji ya sauko da shi.

Mataki na uku: lissafa wutar da aikin ke ci

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ɗaga lita 1,000 zuwa tsayin mita ɗaya yana cin yunit 0.0027 in da famfo ba ya asarar komai. Amma ƙaramin sumo da motarsa sukan yi asarar kusan rabin wutar da aka ba su, don haka ka ninka sau biyu, ya zama kimanin 0.0055.

Tsayin da za ka ƙirga ba zurfin rijiya ba ne, kuma ba inda aka rataye sumo ba ne. Ana farawa ne daga inda ruwa ke tsayawa a cikin rijiyar yayin da famfo ke aiki, a haɗa da tsayin ƙarfen tanki da na tankin kansa, sannan a ƙara abin da gogayyar ruwa da bututu ke ci. A misalinmu, a ce ruwa na tsayawa a mita 45, ƙarfe da tanki mita 12, gogayya mita 3, jimla 60. Lita dubu sau 40, sau mita 60, sau 0.0055, ya ba da kimanin yunit 13 a yini. In rijiyar na ba da lita 5,000 a awa, aikin awa 8 ke nan.

Yanzu ka kwatanta. Yunit 13 a farashin rukunin A bai kai naira 3,000 ba. Awa 8 a kan babban janaretan nan lita 12 zuwa 16 ce ta dizal, wato sama da naira 12,000. Ruwa ɗaya, rijiya ɗaya, famfo ɗaya. Wannan tazarar ita ce za ta biya kuɗin tanki, kuma duk sauran dabarun da ke ƙasa ba su kai ta girma ba.

Mataki na huɗu: fitar da girman tanki

A nan ne aka fi yin kuskure, ta ɓangare biyu. Wani ya sayi abin da kuɗinsa ya kai, ya ƙare da tankin da ke bushewa kafin hantsi. Wani kuma, musamman a aikin kwangila, ya kafa ƙaton da rijiyar ba za ta taɓa cika shi ba.

Hanyar daidai ita ce ka bi ruwan awa-awa. Ka zana layi biyu a takarda, ɗaya na abin da ke shiga, ɗaya na abin da ke fita, ka fara daga lokacin da tanki ya cika, ka riƙa ragewa da ƙarawa har agogo ya zagayo. Tazarar da ke tsakanin cikarsa da mafi ƙarancin abin da ya rage, ita ce girman da kake buƙata don aikin yau da kullum.

Gwada da sola kaɗai. In famfo zai yi aiki daga 9 na safe zuwa 4 na yamma, duk abin da ake sha a wajen waɗannan sa'o'i daga tanki zai fito: 12,000 na yamma, 4,000 na dare, 14,000 na safe, jimla 30,000. Sai dai akwai cikas. Famfon sola ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai rana ta take, da safe da yamma lallaɓawa yake. Rijiya mai lita 5,000 a awa da wuya ta ba ka fiye da 28,000 zuwa 30,000 a irin wannan yini. Sa babban sumo ba zai warware ba, zai dai zuƙe rijiyar ya fara jan iska da yashi. Wannan ya fi shafar wuraren da ke kan dutse, irin yawancin Kano da Zariya da kudancin Katsina, inda ruwan ke maƙale a tsagar dutse kuma rijiyoyi ba su cika yalwa ba. A yankin Sakkwato da na tafkin Chadi, inda ƙasar ke da shimfiɗar yashi mai riƙe ruwa, lamarin ya fi sauƙi. Ko a ina kake, nemi takardar gwajin ƙarfin rijiya daga wanda ya haƙa, in babu a sake gwadawa, zai fi kyau a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa.

To gwada haɗawa: sola ya ba da 28,000 da rana, wutar kamfani ta cike 12,000 da tsakar dare, aikin awa biyu da rabi. Tanki ya cika da ƙarfe 4 na yamma. Zuwa 9 na dare ya ragu da 12,000. Cikin dare an sha 4,000, an zuba 12,000, saboda haka da asuba giɓin 4,000 ne kawai. Ɗibar safe ta ƙara 14,000, giɓi ya zama 18,000 da ƙarfe 9, daga nan rana ta karɓa ta mayar da shi. Ka ga tankin aiki ya sauko daga lita 30,000 zuwa 18,000 don kawai an raba zubin gida biyu.

A kan wannan sai ka ɗora ajiyar ko-ta-kwana. Nawa? Tambayi kanka: in sumo ya ƙone yau da safe, awa nawa za a ɗauka kafin mai gyara ya zo, a zaro shi, a sa wani? In dare ɗaya aka hana wuta fa, ko aka wuni da hadari a watan Agusta? Ga yawancin unguwanni, ruwan rabin yini ya wadatar, wato 20,000 a misalinmu. Jimla kusan 40,000, daidai da shan yini guda. Kada ka manta ruwan da ke ƙasa da bakin bututun fita ba ya cikin lissafi, haka ma sararin da ke sama da bututun ambaliya. Tankin da aka rubuta wa 10,000 ba ya ba ka 10,000 cif.

Kada kuma ka yi ƙoƙarin gina tankin da zai ɗauke ka a irin duhun da Arewa ta shiga a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace aka yi sama da mako babu lantarki, ko irin wanda Nijar ta gani bayan an yanke mata wutar Najeriya a Agustan 2023. Maganin irin wannan sola ne da ƙaramin janareta mai daidai ƙarfin famfo, a ajiye shi don ranar. Ruwan da ya wuce kwana biyu a tanki cikin zafinmu matsala ce ta daban, za mu zo kanta.

Mataki na biyar: a sama ko a ƙasa, kuma tsayi nawa

Lita 40,000 tan 40 ce. Ƙarfen da zai ɗauki wannan nauyi a tsayin mita 9 yakan fi tankunan kansu tsada. Don haka kafin ka kira mai walda, duba ko Allah ya ba ka tudu. Magabata a aikin ruwan Kano abin da suka yi ke nan da suka ɗora ma'ajiyar ruwa a kan Goron Dutse: a tura ruwa sama sau ɗaya, ya gangaro wa gari da kansa. Ko tudun da ya fi unguwa da mita biyar ko shida, in aka yi masa dakali, ya isa famfunan tsaye.

In ƙasar shimfiɗe take, raba ajiyar biyu. Babban kaso a ƙasa, a tankin kankare ko na roba a kan dakali, ƙaramin kaso a sama, kamar lita 10,000 zuwa 15,000, da ƙaramin famfon waje da ke ɗagawa daga wannan zuwa wancan. Mutane kan ji tsoron cewa famfo biyu kuɗin wuta biyu ne. Ba haka ba ne, don tsayin da ruwan zai hau bai ƙaru sosai ba, an dai raba tafiyar zango biyu. Ribar ita ce mita 45 mafi wahala an yi su da wuta mai araha, in ma ta kama a tayar da inji, ɗan ƙaramin janareta zai ɗaga ruwan mita 12 cikin ɗan lokaci. Famfunan da ke kusa, da wurin cika jarkokin 'yan garuwa, da kwamin dabbobi, a haɗa su kai tsaye da tankin ƙasa. Babu dalilin hawar da ruwa sama don a sauko da shi cikin jarka.

Game da tsayi, kowace mita 10 tana ba da matsin da ma'auni ke nunawa kusan "bar" ɗaya, wato awon matsin ruwa. Abin da kake so shi ne famfon da ya fi nisa ko ya fi tudu ya samu ragowar mita biyar ko fiye a lokacin da kowa ke ɗiba. Fiye da abin da ake buƙata asara ce ta kullum. A misalinmu kowace mita ta ƙari tana cin kusan yunit 80 a shekara, ba wani abin tashin hankali ba ne, gaskiya. Amma a babban aiki labarin ya sauya. Matatar ruwa mai girman sabuwar matatar Tamburawa da ke Kano, wadda aka gina don lita miliyan 150 a yini, in tana aiki da cikakken ƙarfinta, mita ɗaya ta ƙari za ta ci mata sama da yunit 500 kullum. Kuma matsi mai yawa yana ƙara yoyo a kowace mahaɗa. In gidajen bene biyu ko uku ne ke neman a ƙara tsayi, ya fi araha su sa nasu ƙaramin famfo da tanki, maimakon a ɗaga ruwan unguwa duka saboda su.

Ƙarfen tanki aikin injiniya ne, ba na ƙiyasin ido ba. A haƙa tushe gwargwadon irin ƙasar, musamman a laka mai kumbura da damina. A shimfiɗa faranti ko katako mai kauri yadda gindin tankin roba zai zauna gaba ɗaya, don in ya zauna a kan sanduna 'yan kaɗan zai tsage. A ɗaure shi, saboda iskar farkon damina tana jefar da tankin da babu ruwa. A sa masa maganin tsawa.

Mataki na shida: bututu da famfo

Nan akwai ɓarawon da ba a gani. Tura lita 5,000 a awa ta bututun roba mai faɗin inci ɗaya, a tsawon mita 100, yana cin abin da ya kai hawan mita 30. Wannan ruwan a bututu mai inci ɗaya da rabi, kusan mita 3 zai ci. A inci biyu, mita ɗaya da 'yan kai. Wato wanda ya yi tsimin kuɗin bututu tsakanin rijiya da tanki ya ƙara wa famfonsa rabin aikin da yake yi, kuma zai biya wannan kullum har ranar da aka tono bututun. Rage lanƙwasa, rage mahaɗai, ka bi hanya mafi miƙewa.

Gogayya tana ƙaruwa kusan ninki huɗu in ka ninka gudun ruwa sau biyu. Shi ya sa ƙaramin famfo mai aiki na dogon lokaci ya fi babba mai aiki na ɗan lokaci sauƙin wuta, ga shi ba ya jan ruwan rijiya ƙasa sosai, tsayin ɗagawa ya ragu ke nan. Tanki ne ke ba ka wannan damar, tunda ba sai famfo ya yi tseren biyan buƙatar safe ba. Iyakar dabarar ita ce yawan sa'o'in wuta mai araha da kake da su. Mai rukunin A zai iya sa ƙaramin famfo ya yi awa 16. Mai samun awa 6 dole ya sa wanda zai gama cikin awa 6, ya faɗaɗa bututu.

Sayi sumo da takardar da ke nuna lita nawa yake bayarwa a kowane tsayi, ka zaɓi wanda tsayinka da yawan ruwanka suka faɗo a tsakiyar layinsa. "Doki nawa ne?" ba ita ce tambayar ba. In ka ga ana matse bawul don a rage ƙarfin ruwa, famfon ya yi wa aikin girma, kuma ana ƙona wuta ne a jikin bawul ɗin. A tabbatar akwai bawul mai hana ruwa komawa, in ba haka ba duk lokacin da aka kashe, ruwan da ke cikin bututu zai koma rijiya a sake biyan kuɗin ɗago shi.

Ga mai sola, fanel su fi ƙarfin famfo da kusan sulusi zuwa rabi, su fuskanci kudu da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15. Da hunturu a riƙa goge su akai-akai da sassafe, ƙura tana rage ruwa a tanki tun kafin kowa ya lura. Akwai inbatocin famfo masu karɓar sola da wutar kamfani duka, su suka dace da tsarin haɗawa da muka lissafa.

Mataki na bakwai: cire kunnawa da kashewa daga hannun mutum

Ambaliyar tanki ta zama abin da ido ya saba da shi har ba a ɗauke ta asara. Rabin awa na ambaliya a famfon misalinmu lita 2,500 ce, jarka ɗari, an biya kuɗin ɗago su daga mita 60 don su jiƙa gindin ƙarfe su sa masa tsatsa. Fulot mai kashe famfo in tanki ya cika ba ya da tsada. Sa shi.

Amma yadda aka saita shi ne muhimmi. A bar tazara mai faɗi tsakanin inda yake kashewa da inda yake kunnawa. Motar famfo tana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, yawan tashi da tsayawa yana gajarta ranta. Sannan a tsara matakai uku: in akwai rana ko wutar kamfani, famfo ya cika tanki duk lokacin da ya samu sarari. In babu, a bar ruwa ya yi ta sauka, kada kowa ya taɓa janareta. Sai ya kai layin ko-ta-kwana, wanda za ka shata da jan fenti a jikin ma'aunin da ake gani daga ƙasa, sannan a tayar da inji, kuma a zuba iya abin da zai kai ku lokacin wuta mai araha ta gaba, ba a cika tanki da dizal ba. Wannan doka ta ƙarshe ita ce mai wuyar bi, don mai gadi yana son ya ga tanki cike ya kwanta hankali kwance. A yi masa bayani, a rubuta a bango. Wani kuskuren kuma shi ne cika tanki taf da wutar dare a tsarin da ke da sola, rana ta fito ta tarar babu inda za ta zuba. A sa agogon kashewa ko fulot na biyu a ƙasa kaɗan don zubin dare.

A ƙara na'urar da ke kashe sumo in ruwan rijiya ya yi ƙasa, da mai kare shi daga wuta mara ƙarfi ko faɗuwar layi ɗaya.

Mataki na takwas: farautar yoyo

Tanki yana ba ka hanyar gano yoyo kyauta. Da ƙarfe ɗaya na dare, kashe famfo, auna ruwa, dawo ƙarfe uku ka sake aunawa. A wannan lokacin kusan babu mai ɗiba, don haka abin da ya sauka ƙasa ce ta sha. In a tanki mai faɗin mita 3 ka ga ya sauka santimita 10 cikin awa biyu, lita 350 ke tafiya kowace awa, sama da 8,000 a yini, kashi ɗaya cikin biyar na duk ruwan misalinmu. Sai ka riƙa rufe layuka ɗaya bayan ɗaya a darare na gaba har ka gane wanda ke zubarwa. Da rani, ciyawa kore a gefen hanya ita ma tana tona asiri.

Lafiyar ruwan da aka ajiye

Rage kuɗin wuta ba zai yi amfani ba in tanki ya zama gidan cuta. Murfi ya rufu ruf, a sa raga a bakin bututun iska da na ambaliya saboda sauro da ƙadangaru da tsuntsaye. Tankin da haske ke ratsawa yana yin gansakuka, baƙi ko mai kauri ya fi. Bututun shiga ya kasance a sama ta gefe guda, na fita a ƙasa ta ɗaya gefen, don ruwa ya riƙa juyawa. In tankuna da yawa ne a jere, a haɗa su yadda duka za su riƙa sauka tare, kada ɗaya ya zama kwantai. Inda ake sa kulorin, ana so a samu ragowar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a bakin famfo, kuma zafi yana cinye shi da sauri, wanda shi ne babban dalilin da ya sa ajiyar fiye da kwana biyu ba ta da kyau. A wanke tanki aƙalla sau ɗaya a shekara, gara kafin damina, lokacin da amai da gudawa ke yawan ɓulla. A sa bawul na wanki a can gindi tun ranar kafawa.

Littafin aiki

Ka sa mitar ruwa a bakin rijiya da ƙaramar mitar wuta ga famfo shi kaɗai. Kullum a rubuta abu huɗu: litar da aka ɗago, yunit da aka ci, awar janareta, da litar dizal. Ƙarshen wata ka raba yunit da dubban litoci. A misalinmu zai ba da kusan sulusin yunit ga kowace lita 1,000. In wannan adadi ya fara hawa wata bayan wata, ɗaya daga cikin uku ne: ruwan rijiya ya yi ƙasa, yashi ya cinye farfelar sumo, ko bututun da ke cikin rijiya ya huje yana mayar da ruwa ciki.

Da wannan littafin ne kuma za ka tunkari kwamiti ko masu ba da gudummawa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, dole a fitar da kuɗin tanki kafin a ga ragi. Amma in ka nuna musu cewa janareta na shan lita 12 a yini, wato 360 a wata, sai a raba kuɗin tanki da bututu da farashin wannan man, kowa ya ga wata nawa aikin zai mayar da kuɗinsa.

Jadawalin zubi kuma ba a kafa shi sau ɗaya a manta. Daga Maris zuwa Mayu sha yana ƙaruwa a daidai lokacin da rijiya ta fi rauni, sai a tsawaita zubin dare. Da azumi tudun safe yana raguwa, ɗiba ta koma bayan la'asar da lokacin sahur, don haka a tabbatar tanki ya cika kafin ƙarfe uku na rana. Jajibirin Babbar Sallah da kwana biyun da ke biye, a ɗaga jan layin ko-ta-kwana sama, a kuma tanadi dizal tun da wuri.